Likita ta ce wani cikin zai iya kashe ni, maigida ya ce Ikilisiya ta hana magani

"Goggo, ina gaisuwa. Ni 'yar Katolika ce, a Sakkwato aka haife ni, iyayena daga kudancin Kaduna aiki ya kawo su suka zauna. Shekaruna 34, yarana huɗu, uku daga ciki aiki aka yi mini aka ciro su. A haihuwar ƙarshe, wata biyar ke nan, jinina ya hau har na yi jijjiga, na kuma zubar da jini sai da aka ƙara mini. Likita ta ce mahaifata ta yi siriri a wurin ɗinki, wani cikin zai iya tafiya da raina. Ta ce in sa ashanar hannu ko a ɗaure mahaifar gaba ɗaya.

"Maigidana mutumin kirki ne, yana cikin dattawan majami'armu, shi ke koya wa yara katikisim. Ya ce Ikilisiya ta hana, mu yi ƙirgen kwanaki mu dogara ga Allah. To ni ina shayarwa, al'adata ba ta dawo ba, me zan ƙirga? Ƙanena kuma tun da ya gama jami'a ya daina zuwa coci. Kullum sai ya turo mini rubuce-rubuce a WhatsApp, wai maza marasa aure ne a Roma suka ƙirƙiri dokar, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ta jawo mutuwar mata da masu ƙanjamau a Afirka, kuma mutum ba ya bukatar addini kafin ya san nagarta da mugunta. Ya ce in je in sa ashanar a ɓoye, shi zai kai ni. Wasu maganganunsa sun shige ni, har na daina fita karɓar Jikin Yesu, wato gurasar tarayya mai tsarki a coci, don ina jin kamar munafuka ce ni. Ina tsoron in mutu in bar yarana, ina tsoron saɓa wa Allah, ina tsoron cin amanar mijina. Da dare in ya matso sai in yi kamar barci nake. Ki taimake ni."

Uwar yara huɗu, Sakkwato

'Yata, barka da arziki. Macen da ta yi jijjiga a kan haihuwa, ta zubar da jini har aka ƙara mata, sannan ta tashi ta kama goyo, Allah ne ya yi mata sauran kwana. Tsoron da kike ji kada ki ɗauke shi raunin bangaskiya, kin ga abin da idonki ne. A wasiƙarki na ga maza biyu masu ƙaunarki, kowanne ya kama hannu ɗaya yana ja da hujjarsa a baki, alhali ɗinkin a cikinki yake. Saboda haka da jikinki zan fara, daga baya mu je Roma, mu kuma zo kan ƙanenki.

Lokaci ya fi komai matsa miki. Shayarwa tana hana ciki, amma sai abubuwa uku sun haɗu: jariri bai cika wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Naki yana wata biyar. Nan da 'yan makonni zai fara kunu, kariyar ta tafi. Ƙwan mace kuma yakan fito kafin jinin farko ya bayyana, shi ya sa ake kwanika, mace ta tsinci kanta da ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa. Tambayarki ta "me zan ƙirga" tana kan hanya. Ƙirge da kalanda ko da carbin kwanaki an tsara shi ne don wadda al'adarta ke zuwa a kan kari, tsakanin kwana 26 da 32, kuma ko a cikinsu, yadda mutane ke amfani da shi a zahiri, kimanin mata 12 cikin 100 kan yi ciki a shekara. Masu ashanar hannu ba su kai 1 cikin 100 ba. Wadda cikin bazata zai zamar mata ƙarin ɗawainiya kawai tana iya ɗaukar wannan bambanci. Ke kuwa an ce mahaifarki na iya fashewa.

Likitarki ba tsoratar da ke take yi ba. Ko mai ƙoshin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shawarar ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Kowane aiki yana barin tabo a mahaifa, kuma yawan tabon yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta sauko ta zauna a kansa ta manne, ranar haihuwa ta ƙi fita, jini ya ɓalle. Wadda ta taɓa jijjiga ta fi saura yiwuwar sake yi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, ke kuma kin san yadda dangi ke zagaya gari da tsakar dare suna neman mai ba da jini.

Ba zan yi miki ƙarya don in sanyaya miki rai ba: maigidanki bai ƙirƙiri dokar ba. A Yulin 1968 Fafaroma Paul na 6 ya fitar da wasiƙar da ake kira Humanae Vitae, inda ya ce saduwar aure tana ɗauke da abubuwa biyu da Allah ya haɗa, wato haɗa miji da mata cikin ƙauna da barin ƙofar haihuwa a buɗe, kuma mutum ba shi da ikon raba su da gangan. A kan wannan ne aka hana ƙwaya da allura da roba da ɗaure mahaifa. A 1993 an kai wa ofishin koyarwa na Vatikan tambaya mai kama da taki sak, game da macen da aikin haihuwa ya raunana wa mahaifa har ana tsoron wani cikin. Amsar ita ce, in mahaifar kanta ce ke barazana ga ranta a yanzu, kamar jinin da ya ƙi tsayawa, a cire ta. In kuwa haɗarin sai ciki ya shiga zai zo, ba a yarda a cire ta ko a ɗaure hanyar ƙwai don hana cikin ba. Gara ki ji wannan daga bakina da ki je ki ji shi a gaban Fada, limamin cocinku, ba shiri.

Amma ita wasiƙar Humanae Vitae ɗin ta faɗi abubuwan da ba kasafai ake karanta wa mata ba. Ta ce ma'aurata na iya yanke shawarar dakatar da haihuwa na wani lokaci, ko ma ba iyaka, in akwai dalili mai ƙarfi, lafiya kuwa tana cikin dalilan da ta ambata. Ta kuma yarda a sha magani don warkar da ciwo ko da an san zai hana ciki, muddin ba hana cikin ake nufi ba. A Janairun 2015, a jirgi yana dawowa daga Filifin, Fafaroma Francis ya ce zama Katolika nagari ba ya nufin a yi ta haihuwa kamar zomaye, har ya kawo labarin wata mata da ya tsawata wa saboda tana ɗauke da ciki na takwas bayan an yi mata aiki sau bakwai. Ya kira abin rashin ɗaukar alhaki. Wato ko a ma'aunin Roma, ke da maigida wajibi ne ku guje wa wannan ciki. Gardamar a kan hanya take. In "mu dogara ga Allah" na nufin a ci gaba yadda aka saba a jira abin da zai faru, to ba abin da Ikilisiya ta koyar ba ke nan.

Yanzu ƙanenki. Ba duk abin da ya turo miki ne shirme ba, kuma kada ki ji kin yi zunubi don wasu sun shige ki. Har zuwa 1930 manyan ɗariku duk bakinsu ɗaya a kan hana magani. A shekarar ne bishop-bishop na Angalika suka taru a Lambeth a Ingila suka buɗe ƙofa kaɗan ga ma'aurata masu dalili, Fafaroma Pius na 11 kuma ya mayar da martani a ƙarshen shekarar ya jaddada hanin. Da ƙwayar hana ciki ta fito a Amurka a 1960 (ɗaya daga cikin likitocin da suka samar da ita, John Rock, ɗan Katolika ne mai zuwa coci), sai Fafaroma John na 23 ya kafa kwamiti a 1963 ya duba maganar. Paul na 6 ya faɗaɗa shi, aka sa likitoci da malaman tauhidi da bishop-bishop da ma'aurata, har da mata. A 1966 mafi rinjayen kwamitin suka ba da shawarar a sassauta. Fafaroma bai karɓa ba. Kin ga ke nan tambayoyin da ke hana ki barci ba marasa addini ne kaɗai suka yi su ba, mutanen da Fafaroma ya zaɓa da hannunsa sun riga ki.

Hujjar masu suka da ta fi nauyi a wurina ita ce ta niyya. Ma'auratan da ke ƙirga kwanaki da waɗanda ke shan ƙwaya abu ɗaya suke nema: su sadu, ciki kada ya shiga. In niyyar halal ce ga na farko, me ya haramta ta ga na biyu? Ikilisiya tana amsawa da cewa masu ƙirge haƙuri suka yi a kwanakin haɗari ba su taɓa halittar Allah ba, masu ƙwaya kuwa sun sa hannu sun canja ta. Akwai masu tunani na gaske da wannan amsa ta gamsar, ina kuma girmama su. Amma sai mai suka ya ce, ai aikin da aka yi miki sau uku shi ma sa hannu ne a cikin halitta, ƙarin jini ma haka, ba wanda ya kira su zunubi. Wani masanin falsafa na Sukotlan, David Hume, ya nuna tun ƙarni na 18 cewa sanin yadda abu yake ba ya isa ya gaya maka yadda ya kamata ka yi. Jiki yana iya ɗaukar ciki, gaskiya ne. Daga nan zuwa cewa haramun ne a tsayar da shi ko da zai kashe mai shi, akwai tsallen da ni dai ban ga an cike shi ba a yanayi irin naki.

Sai maganar wa ke ɗaukar nauyin. Hanyar da aka halatta ba ta aiki sai da haɗin kan miji, kwana da kwanaki, wata da watanni. In ya haƙura an tsira, in bai haƙura ba matar ce za a shiga da ita ɗakin tiyata. Dokar da aka rubuta wa mutum biyu amma kuskurenta a jikin ɗaya yake sauka, dole a tambaye ta. Nan ma ƙanenki yana da gaskiya.

Inda ya yi zarce kuma zan faɗa. Cewa dokar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki a fili, haka ne. Labarin Onan da ke Farawa sura 38, wanda ya zubar da maniyyinsa a ƙasa don kada ciki ya shiga, shi aka fi kawowa, masana da yawa kuma sun ce laifinsa ƙin samar wa ɗan'uwansa marigayi zuriya ne. Sai dai Katolika ba su taɓa cewa nassi kaɗai suke bi ba, don haka wannan ba ya rusa musu komai. Cewa maza marasa aure ne suka faɗa bai mayar da magana ƙarya ba, likitan haihuwa namiji ma bai taɓa naƙuda ba. Abin da za a ce da gaskiya shi ne an saurari mata kaɗan ƙwarai kafin a yanke. Maganar ƙanjamau tana da tushe: a Maris na 2009, a hanyarsa ta zuwa Kamaru, Fafaroma Benedict na 16 ya ce rabon kwaroron roba na iya ƙara matsalar, likitoci a duniya suka yi masa ca, mujallar likitoci ta The Lancet ta nemi ya janye. A 2010 shi da kansa ya ce akwai inda amfani da shi don kare wani daga cuta zai iya zama matakin farko na ɗaukar alhaki. Amma ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna, irin su Afirka ta Kudu da Botswana, 'yan Katolika tsiraru ne a cikinsu, kuma asibitocin mishan da sistoci sun yi jinyar masu cutar lokacin da dangi ke gudunsu. Ki duba nan gida ma. 'Yan Katolika nawa ne a jihar Sakkwato? Duk da haka tana cikin jihohin da mata suka fi ƙarancin amfani da tsarin iyali, alhali malaman Musulunci da dama sun halatta tazarar haihuwa da yardar ma'aurata, musamman in lafiyar uwa ce. Talauci da nisan asibiti da auren wuri da jiran izinin miji su ke kashe matanmu fiye da duk wata wasiƙa daga Roma.

Maganarsa ta ƙarshe, cewa mutum ba ya bukatar addini kafin ya san nagarta, tsohuwar tambaya ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Plato ya yi ta a Girka: abu yana zama nagari ne don Allah ya umarta, ko Allah ya umarta ne don nagari ne? Abin da ƙanenki bai lura ba shi ne Ikilisiyarku ta yarda da rabin maganarsa. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa al'ummai marasa Shari'a suna da ita a rubuce a zukatansu, Thomas Aquinas, babban malamin Ikilisiya, kuma ya gina koyarwa a kan cewa hankali na iya gane nagarta da mugunta. Ita kanta dokar hana magani, Ikilisiya cewa take yi hankali na iya gane ta. To abin da aka ce hankali na ganewa, halal ne hankalinki ya tambaye shi. Amma ƙanenki ya ɗaure kaya biyu wuri ɗaya ya ɗora miki a ka: ashana da barin coci. Sauke ɗaya. Ba sai kin yanke hukunci a kan ko akwai Allah ba kafin ki yanke hukunci a kan mahaifarki. Miliyoyin mata 'yan Katolika a duniya suna da wannan saɓani da Roma, ranar Lahadi kuma suna kan bencinsu.

Maigidanki fa? Ki yi masa adalci. Mutumin da ke tsayawa gaban yara yana koya musu dokar Ikilisiya, a gari inda masu bi kaɗan ne kuma kowa ya san gidan kowa, yana tsoron a ce malamin katikisim ya karya abin da yake koyarwa. Ina kuma zaton bai ji maganar daga bakin likita ba, daga bakinki ya ji, miji kuwa yakan ɗauka matarsa tsoro ne ya sa ta ƙara gishiri. Shi ma ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, ya san abin da ya ji a ransa. Amma dokar da ya riƙe tana da wuya biyu, ɗaya a kansa take. In babu abin ƙirgawa kuma ciki zai iya kashe ki, abin da hanyar Ikilisiya ke nema a gare shi shi ne ya haƙura da shimfiɗa gaba ɗaya har a sami tabbas. Wasiƙar Afisawa ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci Ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Ba a ce mata ta ba da ranta don mijinta ya huta da lamirinsa ba.

Ki daina barcin ƙarya. Yana ganewa, kuma zai fassara shi da cewa kin daina sonsa. Ki sami lokaci da rana, yara ba sa kusa, ki ce masa: "Baban yara, ba ƙinka nake yi ba, tsoron mutuwa nake. Har sai mun ga likita tare, ina roƙonka mu dakata." Wannan dakatawa ba ta saɓa wa kowace doka ba, tana kuma saya muku makonnin da kuke bukata.

Shawarar sa ashana a ɓoye ban goyi bayanta a matsayin matakin farko ba. Ana jin ta a ƙarƙashin fatar damtse in an taɓa, tana kuma canja yadda jini ke zuwa, mijin da kuke ɗaki ɗaya zai gane. Ranar da ya gane, maganar za ta tashi daga lafiyarki ta koma kan amana, in ya ji ƙanenki ne ya kai ki kuwa surukuta ta ɓaci har 'ya'ya. Jikinki ne, ke babbar mace ce, kuma ban ce ranki yana hannun izinin kowa ba. Amma akwai hanya tsakanin ɓoyewa da jiran izini, ita ce ki faɗa masa a fili abin da za ki yi da dalilinki. Ɓoyewa sai in ya kasance yana tilasta miki kwanciya ko yana yi miki barazana, kin kuwa ce mutumin kirki ne.

Cikin makon nan ki ɗauki katinki da takardar sallama, ki tafi da shi wurin likitar. In yana ganin ita ce ta matsa, ku nemi ra'ayi na biyu a sashen mata da haihuwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku tambaya dalla-dalla: haɗarin na 'yan shekaru ne ko na har abada? Jininki ya sauka ko har yanzu yana sama? Wace hanya ce ta dace da mai hawan jini da ke shayarwa? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, don ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, shi ya sa kada ki sayi komai a kemis da kanki. Ki bar shi ya yi nasa tambayoyin. Maza da yawa suna ɗauka ashana zubar da ciki take yi, alhali babban aikinta hana ƙwai fitowa ne da toshe wa maniyyi hanya a bakin mahaifa. Gara ya ji daga mai farar riga.

Daga nan ki ga Fada, a ofis, ba a layin ikirari da mutane ke jira a bayanki ba. Ki zaɓi wanda ya daɗe yana zama da ma'aurata, ki fara zuwa ke kaɗai, ki kai masa abin da likita ta rubuta. Ki tambaye shi ko akwai sista ko nas da ta ƙware a koyar da hanyar Billings, wadda wasu likitoci biyu, miji da mata, suka tsara a Ostireliya. Ita ba kalanda take bi ba, alamun damshin jikin mace take bi kowace rana, tana kuma da ƙa'idoji na musamman don mai shayarwa. Ta fi ƙirge nesa ba kusa ba, amma tana son malama ta gaske, da rubutu kullum, da miji mai iya haƙuri na tsawon lokaci, musamman a watannin da al'ada ke ƙoƙarin dawowa alamu suna rikicewa. In ku biyu kun zaɓe ta da idanu buɗe, likita ta sani, kuka tsaurara ƙa'idar fiye da yadda saura ke yi, zaɓi ne mai mutunci.

Mai yiwuwa Fada ya ce miki a'a game da ashana, aikinsa ne ya faɗi koyarwar yadda take, Fafaroma John Paul na 2 ma ya jaddada ta ba sassauci. Amma Ikilisiyar nan ɗaya tana koyar da cewa dole mutum ya bi tabbataccen hukuncin lamirinsa bayan ya yi ƙoƙarin ilmantar da shi, kuma ba a tilasta wa kowa ya saɓa masa. A 1968 bishop-bishop na Jamus, da na Kanada da suka taru a Winnipeg, sun rubuta wa mutanensu a kan wannan magana. Na Kanada suka ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya bi koyarwar, ya tarar wajibai biyu sun yi karo, kamar zaman aure da lafiyar uwa, sannan ya zaɓi abin da ya ga daidai da zuciya ɗaya, ya yi shi da lamiri mai kyau. An yi ta jayayya a kan wannan sanarwa har yau, kuma ba ta soke dokar ba. Na kawo miki ita ne don ki san makiyaya sun taɓa duban mace irinki suka ƙi jifanta.

Tunda kin tambaye ni, ga abin da nake gani. In likita ta biyu ta tabbatar da maganar ta farko, maigida kuma ya kasa yi miki alkawarin haƙurin da hanyar halitta ke nema, ko ya yi alkawarin ya kasa cikawa, to ki kare ranki da hanya mai tabbas, ki gaya masa, ki gaya wa Allah. Yara huɗu da ke bukatar uwa wajibi ne da ke gabanki yau. Na fi son ki fara da abin da ake iya cirewa, ashana mai shekara uku ko biyar, ko robar mahaifa wadda ba ta da sinadari, duk wadda likita ta ga ta dace. Ɗaure mahaifa ba a komawa baya, bai kamata a yanke shi wata biyar bayan an kusa mutuwa ba, zuciya tana kan rawa. Shekarun da ashana za ta ba ki sun isa ki warke, al'ada ta daidaita, ki koyi Billings a natse in kina so, ku sake zama ku duba.

Batun Jikin Yesu kuwa, ba ki aikata komai ba tukuna. Tambaya da tsoro da karanta saƙon ƙane ba su ne zunubin da ke hana mutum tarayya ba. Ki koma ranar Lahadi. In daga baya kin ɗauki matakin da ya saɓa wa koyarwar, ki kai shi gaban Fada da gaskiya, ku yi maganar a lokacin.

Ƙanenki ki gode masa, tsoron rasa yayarsa ne ke magana da bakinsa. Ki ce masa kin ji, kin ɗauki abin ɗauka, maganar barin coci kuma ya bar miki ita. In yana son taimako, ya riƙe miki yara ranar asibiti, ya kuma je a gwada jininsa a san ko irin naki ne. In kuma firgicin ranar haihuwar yana dawo miki, ko barci ya ƙi, ko kuka na zuwa ba dalili, ki faɗa wa likita a wannan zuwan, ana maganinsa.

In kafin a kai ga duk wannan kika ji alamar ciki, kasala ko tashin zuciya ko nono ya canja, kada ki ɓoye, kada ki sha komai. Ki yi gwaji ranar, ki fara awo nan take a asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, ki gaya musu tarihinki tun daga aikin farko. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita tare, ina so in ji abin da maigida ya ce da ya ji da kunnensa.